Zane ne gaba ko almakashi? Muhawara kan rigunan dina da masu zana su

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Yau da damuwa na zo, ina neman shawarar manya. Makonni uku da suka wuce wata amarya ta kawo min hoto a waya. Ba hoton mutum ba ne, zane ne da aka yi da fenti, doguwar rigar dina mai kafaɗa ɗaya a tsaye kamar fiffike, ƙasan kuma ya baje kamar an buɗe laima. Ta ce haka take so sak. Na auna ta, na yanka yadi goma sha biyu na satin, kwana huɗu ban yi barcin kirki ba. Ranar gwaji ta tsaya gaban madubi, ta dubi wayarta, ta dubi madubi, sai ga hawaye. Ta ce wannan ba ita ba ce. Wallahi ɗinkin ya zauna a jikinta, babu inda ya tattare, amma kafaɗar ta kwanta, ƙasan kuma ya zube. Da na koma gida na ɗora tef a kan zanen, sai na ga ƙafafun matar da aka zana sun yi tsawon da babu 'yar Adam mai irinsa. Abin ya tsaya min a rai. Wa ya fara wannan zanen kaya? Me ya sa suke zana abin da ba zai ɗinku ba? Yaudara ce, ko akwai wani ilimi a ciki da ban sani ba?

Baba Tela:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya huci zuciyarki. Shekara arba'in ina kan keke, kuma abin da na gane shi ne takarda ba ta san nauyi ba. Fenti yana tsayawa inda aka ajiye shi, satin kuwa ƙasa yake nema. Laifin ba na hannunki ba ne. Tun farko ya kamata a gaya wa yarinyar cewa wannan kafaɗa ba aikin satin ba ce.

Malamin Zane:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Maman Ilham, tef ɗinki bai yi ƙarya ba. Idan aka auna tsayin mutum da tsawon kansa, yawancin mutane kai bakwai ne zuwa bakwai da rabi. Mu kuma a ajin zanen kaya kai tara muke koya wa ɗalibai, wasu ma har goma suke ja, kuma kusan duk ƙarin a ƙafa yake tafiya. Ana yin haka ne don rigar ta samu filin da za ta nuna saukarta.

Amma da can ba haka abin yake ba. Kafin zane ya yaɗu, 'yan tsana ake yi wa ɗinki a Faris, a tura su fadojin Turai, teloli su juya su, su leƙa ciki, su kwaikwaya. Wata jarida mai suna Mercure Galant ta buga zanen kayan yayi a 1678. Daga 1778 kuma aka shiga fitar da jerin zane mai suna Galerie des Modes, zamanin Sarauniya Marie Antoinette da mai yi mata ɗinki, Rose Bertin. A ƙarni na 19 abin ya zama babbar kasuwa. Mujallar Godey's ta Amurka mata kusan 150 ta ɗauka aiki, aikinsu kawai su shafa launi da hannu a kan kowane zane kafin a rarraba. Irin wannan zane don tela ake yinsa. Za ki ga kowane maɓalli, kowace tattara, sau da yawa har a juya wata ta nuna bayan rigar. Mace a ƙaramin gari za ta yaga shafin ta kai wa mai ɗinki, kamar yadda muke da kalandar ɗinki a bangon shago.

A 1908 ne hanya ta rabu. Wani mai gidan ɗinki a Faris, Paul Poiret, ya kira wani mai zane, Paul Iribe, ya zana masa rigunansa a ɗan littafi, kwafi 250 kacal. Iribe bai damu da inda zare ya bi ba. Launi ya zuba mai ƙarfi, ya miƙar da matan, ya bar bayansu kusan babu komai. A 1911 Poiret ya sake yin haka da Georges Lepape. Daga nan zane ya daina gaya wa tela yadda zai yanka, ya koma gaya wa mai saye yadda za ta ji idan ta sa.

'Yar Damagaram:
Sannunku da muhawara. Malam, ka taɓo abin da nake karatu a kai. Bayan waɗannan littattafai biyu, a 1912 Lucien Vogel ya kafa mujallar Gazette du Bon Ton, ta rayu har 1925. Na daɗe ina kallon shafukanta a intanet, kuma abin da ya fi kama ni shi ne yadda aka sa launin. Ba inji ne ya buga ba. Faranti siriri na tagulla ko na tutiya ake yankewa da wuƙa, a fitar da gurbin launi ɗaya kawai, a ɗora a kan takarda, a dangwala fenti da burushi. A ɗage, a kawo wani farantin na launi na biyu. Zane ɗaya yakan ci faranti ashirin ko talatin. Shi ya sa har yau idan kin ƙara girman hoton za ki ga fentin ya yi ɗan tudu a bakin layi. Masu zanen su ne Lepape, George Barbier, André Marty, Charles Martin da Pierre Brissaud. Ba sa zana mace a tsaye haka kawai. Za ki gan ta tana saukowa daga bene za ta gidan wasa, ko tana leƙen taga da dare tana jiran wani, rigar kuma ta gidan ɗinkin Worth ce ko na Lanvin ko na Paquin. Labari suke sayarwa tare da rigar.

A daidai lokacin ne wani saurayi ɗan Rasha, Romain de Tirtoff, wanda aka fi sani da Erté, ya yi wa Poiret aiki, sannan daga 1915 ya koma yi wa mujallar Harper's Bazar zanen bangonta. Sama da 200 ya zana cikin shekara ashirin da 'yan kai. Anti Maman Ilham, ina kyautata zaton zanen da amaryarki ta kawo jikan nasa ne. Dogon wuya, hannu kamar sillen kara, yadi yana tashi sama ba tare da komai ya riƙe shi ba.

Abban Sadik:
To ai kun amsa mata da bakinku. Talla ce. An zana ƙarya don a ja hankalin masu kuɗi, yau kuma ƙaryar ta biyo waya ta zo ta hana baiwar Allah barci. Shi Poiret ɗin ba shi ne ya tara baƙi wajen 300 a 1911 ya sa su shigar Farisawan tatsuniya ba? Gidansa ya rufe a 1929, ya mutu a 1944 ba shi da ko sisi. Ni abin da ke ƙona min rai kenan da waɗannan kayan ban-mamaki. Paco Rabanne a 1966 ya fito da riguna goma sha biyu na ƙarfe da roba, da filaya aka haɗa su, shi da kansa ya sa musu sunan rigunan da ba sa sawuwa. Wata 'yar Jafan, Rei Kawakubo, a kayan bazarar 1997 ta cusa matasai a baya da kwankwason riguna, mace ta fito kamar mai ƙusumbi. Wannan ɗinki ne? Tufafi don sutura aka yi su, da kare zafi da sanyi, da yin kyau. Wanda ya fita daga waɗannan uku ɓarnar yadi ce, alhali wani bai da na sallah.

Baba Tela:
Ɗana, ka ɗan sassauta, akwai gaskiya a maganarka amma ba duka ba. Malam, ni tambaya gare ni. A cikin manyan nan da kuke ambata, babu wanda ya ƙi takarda ya kama yadi kai tsaye? Don ni ban taɓa yarda da ɗinkin da ba a taɓa shi da hannu ba kafin a yanke shawara.

Malamin Zane:
Akwai Baba, kuma ita ce da yawa daga masu sana'ar suke ɗauka a matsayin gwanar gwanaye. Madeleine Vionnet. Ta buɗe gidanta a 1912, ta rufe a 1939. Ba ta fara riga da zane. 'Yar tsana ce da ita ta katako, tsayinta wajen santimita 80, a kan kujera mai juyawa. Sai ta ɗauki ƙyalle da almakashi da allurai, ta yi ta naɗawa tana warwarewa har sai abin ya kwanta mata, sannan a faɗaɗa shi zuwa girman mutum. Bayan an gama ne masu zane, irin su wani ɗan Italiya da ake kira Thayaht, suke zana rigar don mujalla. Ita ce ta ɗaukaka yankan karkace a rigunan dare, wato maimakon a bi tsayin yadi ko faɗinsa, sai a ratsa shi ta kusurwa. Masu satar fasaha sun dame ta har ta koma dangwala babban yatsanta a jikin tambarin kowace riga, kuma tana ɗaukar hoton kowace gaba da baya da gefe ta ajiye a matsayin shaida.

Baba Tela:
Madalla. Wannan mata ta san aiki. Yankan karkace kuwa na sha wuyarsa kafin na gane shi. Yadin da ba ya miƙewa ko kaɗan, kana ratsa shi ta kusurwa sai ya zama kamar danƙo, ya bi jiki ba tare da ka tsuke shi ba. Amma yana da sharaɗi. In ka gama haɗawa, kada ka yi kalmasa a ranar. Rataye shi ya kwana, in da hali ya yi kwana biyu, ya gama saukowa iya saukowarsa, sannan ka sa mai shi ta tsaya da takalmin da za ta sa ka daidaita bakin. Ina saurayi na taɓa yin gaggawa na kalmashe wani siket a daren da na haɗa shi. Kafin sati gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo da faɗin tafin hannu, maigidana ya sa na farke shi gaba ɗaya da reza. Kuma yana cin yadi, don kusurwoyi duk asara ne. Wannan babu zanen da zai gaya maka.

Hajiya Mai Yadi:
Ina ta bin ku a hankali. Ni ba tela ba ce, yadi nake sayarwa a Kantin Kwari, amma kullum sai an shigo min da irin hoton nan ana cewa a ba ni wanda zai yi haka. Sai in kama bakin yadin in ɗaga in saki a gabanta, in ce kin ga yadda ya faɗi? Haka zai faɗi a jikinki. Maman Ilham, ƙanwata, rigar da aka kawo miki yadi biyu take so masu hali daban, mai tauri a kafaɗa, mai nauyi a ƙasa, da abin da zai tallafe su a ciki. Su Turawan da suke yin masu tsayuwar nan, da me suke yi?

'Yar Damagaram:
Hajiya, ranki ya daɗe, misalai biyu na sani sosai. Cristóbal Balenciaga ɗan wani ƙauyen masunta ne a Sifaniya mai suna Getaria, mahaifiyarsa mai ɗinki ce, a gabanta ya koya. Da ya so rigar da za ta tsaya da kanta nesa da jiki, sai ya haɗa kai da masaƙar Abraham ta Suwizalan, a 1958 suka fitar da wani siliki mai tauri da ake kira gazar. Da shi ya yi wata baƙar rigar dare a 1967 mai kusurwa huɗu a kafaɗa, faɗi a sama, tsukakke a ƙasa. Wato sai da aka ƙirƙiro yadin kafin siffar ta yiwu.

Na biyu Charles James, haifaffen Ingila da ya yi aiki a Amurka. Rigarsa ta 1953, wadda bakinta ya yi lanƙwasa huɗu kamar ganyen tsiro, farin satin ce da baƙin karammiski. A waje kamar iska za ta ɗauke ta, amma nauyinta ya kai kilo huɗu da rabi. Cikinta hawa-hawa ne na raga mai tauri da ƙashin koset da shafi, an tsara shi yadda nauyin zai zauna a kwankwaso, bakin kuma ba ya taɓa ƙasa, yana lilo idan ana rawa. Wanda ya ga zanenta kawai ba zai taɓa sanin akwai wannan gini a ciki ba.

Maman Ilham:
Allahu Akbar. Kilo huɗu da rabi! Ni kuwa shafi ɗaya na sa da 'yar raga a ƙasa ina jiran ta tashi. Yanzu na fara ganin inda na kuskure. Na ɗauki zanen a matsayin awo, alhali buri ne aka zana.

Abban Sadik:
Na yarda waɗannan biyun sun san aiki. Amma har yanzu ba a amsa min ba. Me talaka ya ƙaru da shi?

Malamin Zane:
Ɗan uwa, duba shagonka. Zif nawa ka ɗinka a rigunan mata wannan watan? A shekarun 1930 zif abin jaka ne da takalmi da kayan aiki, ana ganin bai dace da rigar fita ba. Elsa Schiaparelli, wata mai gidan ɗinki a Faris, ta sa shi a fili, mai launi, a kayanta na 1935, har da na dare, aka yi ta surutu. Yankan karkace da Baba ya yi bayani, a da sai matan attajiran Faris, yau yarinya 'yar koyo tana yin siket da shi. Wanda ya tafi can gaba yakan yi gwaji goma, tara su mutu a wurin, ɗaya ya sauko kasuwa har a manta wa ya fara shi. Ban ce duk abin da suka yi ya yi min ba. Baƙar rigar Schiaparelli ta 1938, wadda aka cusa auduga aka fitar da haƙarƙari da ƙashin baya kamar ƙwarangwal, ba zan ɗinka wa 'yata ba. Amma dabarar cusa audugar a tsakanin ɗinki biyu don zane ya taso, tela zai iya fitar da fure da ita.

Akwai kuma rigarta ɗaya da nake nuna wa ɗalibai duk shekara. Doguwar rigar sama ce ta dare, ta 1937, shuɗiya. Wani mai zane, Jean Cocteau, ya zana fuskoki biyu suna kallon juna, tazarar da ke tsakaninsu ta zama kamar tulun fure. Gidan surfani na Lesage ya bi layin alƙalaminsa da zaren zinare a bayan rigar, ya cika kafaɗun da wardi na ƙyallen siliki. A nan zanen bai tsaya a takarda ba, shi ne ya hau yadin.

Baba Tela:
To wannan ai namu ne. Mahaifina ɗinkin hannu yake yi. Idan za a yi babbar riga, ba ya taɓa sa allura sai an kai ƙyallen wurin mai zane. Ni ake aika. Dattijo ne a zaure, zai shimfiɗa ƙyallen a kan allo a cinyarsa, ya tsoma alƙalamin kara a tawada, ya ja aska takwas ko aska biyu da tambari, ba ruwansa da abin awo, kuma layin ba ya karkacewa. Ladansa daban ake biya. Shi ba ya ɗinki, mahaifina ba ya zane, amma kowa ya san iyakar ɗan uwansa. Mai zanen ba zai ja layin da allura ba za ta iya bi ba, don ya san gobe za a dawo masa da ƙyallen. Ina ganin abin da ya ɓace a zanen waya kenan. Wanda ya zana ba zai taɓa haɗuwa da wadda za ta ɗinka ba.

'Yar Damagaram:
Baba, wannan magana ta shige ni. Kuma akwai lokacin da su ma can mai zane da mai ɗinki a ɗaki ɗaya suke. Christian Dior kansa da sayar da zane ya fara cin abinci a shekarun 1930, kafin ya buɗe gidansa ya fito da kayansa na farko a Fabrairun 1947, René Gruau kuma ya zana masa tallace-tallace da layin burushi ƙwaya biyu ko uku. Yves Saint Laurent, haifaffen Oran a Aljeriya, zanensa aka nuna wa Dior a 1955 ya ɗauke shi aiki yana ɗan shekara 19 ko ƙasa da haka. Amma a gidajen nan zane ba ya zuwa kan siliki kai tsaye. Shugabar ɗakin ɗinki ce za ta karɓa, ta fitar da shi a farin ƙyalle mai araha, a sa wa mace ta yi tafiya, a gyara, a sake gyarawa. Sai an gamsu sannan a taɓa yadi mai tsada.

Abin da ya raba mujallu da masu zane kuwa kyamara ce. A Yulin 1932 mujallar Vogue ta fito da bangonta na farko mai hoton launi, wanda Edward Steichen ya ɗauka, kafin ƙarshen shekarun 1930 hoto ya mamaye bangon. Zane bai mutu ba, Antonio Lopez ya sake raya shi a shekarun 1960 zuwa 1980, amma ya zama abin marmari. Mu a Nijar muna da Alphadi, wanda ya kai bikin nuna kaya na FIMA cikin hamada a Tigidit kusa da Agadas a 1998, to ɗalibai irina da yawa daga nan sha'awar ta samo asali.

Hajiya Mai Yadi:
Ni abu ɗaya zan ƙara, kuma Abban Sadik ina ganin zai yarda da ni a nan. Yawancin hotunan da yaranmu ke kawowa na masu matse jiki ne da buɗe ƙirji, sai a zo ana ƙara hannu da raga a wuya, rigar ta rasa inda ta dosa. Amma wannan Balenciaga da aka kwatanta, rigarsa nesa da jiki take tsayawa. Ashe ana iya yin abin da ba a taɓa gani ba kuma a suturce. Me zai hana masu zanenmu su fara daga nan? Su zana mace da gwaggwaronta da mayafinta tun a takarda, da jiki irin na matanmu, ba a kawo na wasu a yi ta faci ba.

Abban Sadik:
A nan kam ba ni da ja, Hajiya. In za a yi sabon abu a cikin sutura, ni ma zan koya. Na ƙarfe da filaya dai har gobe ban karɓa ba.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya da yamma na kira amaryar ta zo da yayarta. Na zana mata rigar a takarda da awon jikinta, kai bakwai, gaba da baya, na ajiye kusa da wayarta ta gani da idonta. Ta yi shiru, can ta ce a rage faɗin ƙasan, amma kafaɗar tana so. Na sayo akoko yadi shida zan fitar da kafaɗar da shi tukuna. Satin ɗin ƙasan zai tsira, na sama ne zan sake. Saura kwana tara biki. Baba, me zan sa a cikin fiffiken ya tsaya ba tare da ya soke ta a wuya ba?

Baba Tela:
Yanka shi hawa uku, 'yata. Na tsakiya ki manna masa gam mai tauri, irin na kwalar riga, ki bi bakinsa da ƙashin koset na roba, ki naɗe kan ƙashin da ƙyalle kafin ki rufe. Kada ki rataya nauyin a ɗinkin kafaɗa, ki saukar da gindinsa ya kama jikin koset ɗin daga ciki, gaba da baya. In kin haɗa na akokon, sa ta ɗaga hannu, ta zauna, ta waiwaya hagu da dama. Ki turo min hoton gefe kafin ki sa almakashi a satin.